Babi na Shida: Maƙala a Zauren Taro, Hukunci a Bakin Gona

Tun daga 2017 ake yin taron shekara-shekara kan fasahar nano a Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho a jihar Oyo. Ƙungiyar malaman da ke shirya shi ta kafu ne a 2014, Farfesa Agbaje Lateef yana jagorantarta. A wannan shekara ta 2014 ɗin kuma Farfesa Fabian Ezema da abokan aikinsa suka fara nasu taron a Nsukka, wanda ke jawo masana daga wasu ƙasashen Afirka har da wajenta. Malamai da ɗalibai daga jami'o'inmu na Arewa sukan je irin waɗannan tarurruka, wani da tallafin TETFund, wani da kuɗin aljihunsa, ya kwana a mota, ya isa da safe idonsa jajur, ya tsaya gaban jama'a na minti goma ko sha biyar.

Da wuya a tashi daga zama guda ba a ambaci manomi ba. Wannan ya haɗa ƙwayoyin da za su kashe ƙwarin hatsi, wancan ya samo takin da tsiro zai sha ba tare da asara ba, na uku yana da abin tace ruwan rijiya. Kowa a ƙarshen maƙalarsa yakan ce talakan karkara ne zai amfana. Sai dai talakan ba ya cikin zauren, kuma ko an kawo shi an ba shi kujerar gaba, ba da harshensa ake magana ba. Mutumin Bichi ko Kunci ko Makoɗa da ake ta yi wa alkawari bai san ana yi ba.

Bari mu fara sanin abin da ake taruwa a kansa. Ɗauki mita ɗaya ka raba ta gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000. Masu wannan fanni suna aiki ne da ƙwayoyin da girmansu yake tsakanin nanomita 1 da 100. Ido ba ya ganinsu, madubin da ake duba jini da shi a asibiti ma bai isa ba, sai na'ura mai aiki da ilektiron. Abin da ya sa ake shan wahala a kansu shi ne, abu idan ya ƙanƙance haka halinsa yakan sauya. Duk mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa, don ruwa ya sami wurin taɓa ta ta ko'ina. Dunƙule mai santimita ɗaya a kowane gefe, faɗin jikinsa murabba'in santimita 6 ne kacal. A farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, faɗin zai kai murabba'in mita 600. Zinariya da muka sani rawaya, idan aka mai da ita irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ruwa ja take komawa. Michael Faraday ya bayyana wa masana wannan a Landan tun 1857, kuma kwalaben da ya haɗa suna nan har yau ana zuwa kallonsu.

Masu fannin suna son su ce daga lacca guda tarihinsu ya faro. Ranar 29 ga Disamba, 1959, Richard Feynman ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana fiziks ta Amurka a Pasadena, ya tambaye su me zai hana a rubuta kundin Britannica duka, juzu'i 24, a kan ƙaramin kan allura. Ya yi lissafin a gabansu, ya nuna babu wata dokar halitta da ta hana. Bai tsaya nan ba, ya sa ladan dala 1,000 ga duk wanda ya ƙera inji ɗan mitsitsi mai aiki, da wata dala 1,000 ga wanda ya rage shafin littafi sau 25,000. Na farko, William McLellan ya cinye shi cikin shekara guda. Na biyu sai 1985 wani ɗalibi a Stanford mai suna Tom Newman ya karɓa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wajen shekara ashirin laccar tana kwance, ba a ambatonta sai jefi-jefi. Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, waɗanda suka ƙera na'urar da ke nuna ƙwayar zarra ɗaya-ɗaya a Zurik a 1981, ba daga ita suka ɗauko aikinsu ba. Abin da ya girgiza duniya hoto ne: a 1989 Don Eigler ya jera ƙwayoyin zarra 35 ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunan kamfaninsa, IBM. Feynman gwanin baki ne wanda ba a cika samun irinsa ba, amma sai da aka ga abu da ido sannan aka waiwayi maganarsa.

To, yaya namu taron yake? An rubuta ƙarfe tara a takardar gayyata. Sha ɗaya ta yi ana jiran babban baƙo. Da ya iso, sai gabatar da manya ɗaya bayan ɗaya da duk muƙamansu, sai jawabin maraba, sai jawabin fatan alheri daga wakilin wane da wakilin wane, sai hoto. Kafin a kai ga masu maƙala la'asar ta kawo jiki, manyan sun watse, an raba sauran zuwa ƙananan ɗakuna. A nan za ka ga ɗalibi ya juya wa mutane baya yana karanta abin da majigi ya haska a allo, shafi talatin cike da rubutu, shugaban zama yana ƙwanƙwasa tebur da biro. "Saura minti biyu." Yaron bai wuce gabatarwa ba. Sai ya tsallake sakamakon a guje, wato ainihin abin da ya kawo shi, ya faɗa kan godiya. In an yi rashin sa'a wuta ta ɗauke, a jira janareta. Lokacin tambayoyi kuwa shi ne na farko da ake yankewa, a ce a haɗa tambayoyin mutum biyar a amsa gaba ɗaya saboda lokaci ya ƙure.

Aikin da ake kawowa ma yana da kamanni. A tafasa ganyen zogale ko na darbejiya, a tace, a zuba ruwan cikin narkakken gishirin azurfa. Kafin wani lokaci ruwan da yake fari tas ya koma ruwan ƙasa. Wannan sauyin launi shi ne alamar farko cewa ƙwayoyin azurfa sun haɗu. A sa a na'urar auna haske, a ga layin ya yi tozo wajen nanomita 400 zuwa 450. Daga nan a aika ɗan samfuri wani gari, wani lokaci har wata ƙasa, a biya kuɗi mai yawa a ɗauko hoton ƙwayoyin. A gwada su a kan ƙwayoyin cuta a ɗan faranti, a ga sun kashe su. An sami maƙala. Baɗi wani ya zo da ganyen mangwaro, wani da ɓawon lemo, wani da zoɓo. Ba raina aikin nake ba. Wanda ya san halin ɗakunan gwajinmu, inda sinadari ɗaya kan cinye albashin wata, ya san yin hakan ma ƙoƙari ne. Amma sauya ganye ba sabuwar tambaya ba ce, kuma tsakanin ɗan farantin nan da gona akwai tafiya mai nisa wadda ba a ko fara ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙaloli da takardun shaidar halartar taro ake yinsa, don haka wasu takardar suka je karɓa. Inda kuwa ake neman takarda ido rufe, 'yan kasuwa ba sa nisa. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su aiko maka da saƙo suna kiranka gawurtaccen masani, su gayyace ka Dubai ko Landan, ka biya, ka iske mutum goma sha a ɗakin otal kowa da fanninsa daban. A 2016 wani malami a Niyu Zilan, Christoph Bartneck, ya bar wayarsa ta jera masa kalmomi yadda ta ga dama, ya aika wa wani taron fiziks na irin waɗannan, cikin awa uku aka ce an karɓa. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya hukuncin biyan fiye da dala miliyan 50 kan yaudarar masana da mujallu da tarurruka. Wanda za shi taro da dukiyar jama'a, wajibi ne ya bincika su wane ne masu shirya shi kafin ya cika fom.

Amfanin taro na gaskiya yana cikin wannan minti biyar da ake yankewa. Nan ne wanda ya fi ka sani, ko wanda bai jin nauyinka, zai ɗaga hannu ya ce: da me ka kwatanta? Sau nawa ka maimaita? Ina wanda ba ka zuba wa komai ba? Ga misalin abin da irin wannan tambaya take karewa.

A ƙarshen watan Mayun 2021 ƙungiyar IFFCO ta Indiya, ɗaya daga cikin manyan masu yin taki a duniya, ta sanar a babban taronta na shekara cewa ta fito da yuriyar nano ta ruwa. Ta ce kwalba mai rabin lita za ta tsaya a madadin buhun yuriya na ƙasarsu mai kilo 45, kuma an gwada ta a gonakin manoma wajen 11,000, amfani ya ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ɗora buhun taki a bayan babur daga kasuwar Ɗambatta zuwa ƙauye, ko ya sayar da akuya don ya saya, ya san daɗin wannan labari. Amma a yi lissafi. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato buhu mai kilo 45 yana ɗauke da kusan kilo 21, namu mai kilo 50 kuma kilo 23. Kwalbar kuwa kashi 4 cikin 100 ne, giram 20 ke nan. Bambancin ninki dubu ne. Tan ɗaya na tsabar masara shi kaɗai yana fita daga gona da naitirojin kilo 15 ko fiye. Ko da tsiro ya shanye giram 20 ɗin bai zubar da ko ɗigo ba, daga ina sauran zai fito? Daga ƙasa zai fito, wato daga ajiyar da ke cikinta, har ranar da ta ƙare.

Wannan lissafin ne Max Frank da Søren Husted na Jami'ar Kofanhegan suka buga a 2023, suka ce babu ingantacciyar hujjar kimiyya da ta tabbatar da ikirarin. Masana a Jami'ar Aikin Gona ta Punjab, a cikin Indiyar kanta, suka gwada a kan alkama da shinkafa, suka ga amfani ya ragu idan aka rage yuriya aka maye gurbinta da feshin. Ƙungiyar IFFCO ba ta janye ba, har yanzu ana jayayya, kuma ana fitar da kayan zuwa wasu ƙasashe. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tambayar da ta kwance wa abin zani a kasuwa ba ta buƙatar na'ura ko ɗaya. Ɗan aji uku a sakandare zai iya yin lissafin, in an ba shi alkaluman kuma an bar shi ya buɗe baki.

Yanzu mu bar zauren mu nufi arewacin Kano, inda masu sauraro na biyu suke. Daga Ungogo ka miƙe zuwa Minjibir da Gezawa, ko ka bi ta Dawanau zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa, ba za ka ga daji ba. Gona ce ta haɗe da gona, gida a tsakiyar gona, ga gawo da kuka da ɗorawa tsaye jefi-jefi, kowace bishiya da mai ita. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun farkon shekarun 1960. A lokacin masana da yawa suna ganin ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ga jama'a jingim, ƙarshenta mutuwa. Ya iske fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana shuka ta duk damina, kuma ba ta mutu ba. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna a Tumbau tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Ta bi sawun harawar wake da ta gyaɗa daga gona zuwa turken tumaki da awaki, ta bi kashinsu da toka da sharar gida a mangala a bayan jaki suna komawa gona da bazara. Har ƙurar hunturu ta lissafa, don ita ma tana sauke nata ɗan abincin ƙasa.

Mutumin da ya gaji wannan noma, ya riƙe 'yar gonar da ba ta kai kadada ɗaya ba tana ciyar da gida, ba a zo masa da labarin taki a matsayin ɗan koyo ba. Shi ma mai gwaji ne. In aka ba shi sabon iri ba ya watsa shi a gona duka, kunya biyu ko uku zai ware a gefe ya zuba ido. Tambayoyinsa kuma ba su da sauƙi. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da ruwa, dagaci ya ce, "To, Bismilla Malam, muna ji," mai bincike ya gama bayaninsa, wani dattijo daga bayan taro zai gyara zama.

"Malam, a wace gona aka gwada shi? Jigawa ce irin tamu ko fadama?"

"A gonar jami'a ne, Baba."

"Ana ba ta ruwa ke nan. In ruwa ya ɗauke mana kwana ashirin bayan an zuba fa? Kuma harawar, dabba za ta ci?"

Tambayar harawa ta taɓa juya akalar bincike gaba ɗaya. Cibiyar IITA tana da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir, inda B. B. Singh ya yi shekaru yana aikin inganta wake. Irin da masana suka fara fitarwa mai saurin nuna ne, mai yawan tsaba, amma ganyensa kaɗan. Manoma suka ci gaba da riƙe kanannado da sauran irinsu na gado masu yaɗo, don a wurinsu wake abinci biyu ne, na mutum da na dabba, dabbar kuma ita ce mai ba da taki. Sai da masana suka saurara, suka koma neman irin da zai ba da tsaba ya kuma ba da harawa, sannan abin ya karɓu. Da a zauren taro kaɗai aka tsaya, da alkaluman tsaba sun ci gaba da shan tafi.

Ban san wata hanyar gabatar da bincike da ta kai ta buhun ajiyar wake kyau ba, kuma mutanen wannan yanki sun gan ta da idonsu. Kowa ya san yadda ƙwari ke mai da wake gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka a arha, ko ya zuba fiya-fiya ko bom ya ajiye. Wannan zuba magani ne ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa sun faro binciken a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980: leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, a cikin buhun saƙa, kowace a ɗaure bakinta daban. Kaurin kowace leda nanomita 80,000 ne. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu, don ruwan jikinsu ma daga abincin da suke ƙonawa da iska suke samunsa. Kimiyya ce mai zurfi, kuma an rubuta maƙaloli a kanta. Amma da aka tashi yaɗa ta daga 2007, a ƙasashe goma na Yammaci da Tsakiyar Afirka, ba maƙala aka kai ƙauye ba.

Malamin gona zai zo da kaka da buhunan, a tara jama'a a ƙofar gidan mai gari. Mutanen garin ne za su kawo nasu waken, wanda suka sani, har da wanda ƙwari suka fara taɓawa. A gabansu za a hura ledar a duba ko ta huje, a zuba wake, a matse iska, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Mai wake ya ɗauki kayansa ya kai ɗakinsa. Malamin ya tafi. Sai bayan wata huɗu ko shida, lokacin da waken da aka ajiye a buhun da aka saba ya zama abin tausayi, a sake tara gari, da maza da mata da yara. Mai buhun ne zai kwance da hannunsa. Dattijai su tsoma hannu har gwiwar hannu don su ɗebo na ƙasa, su murza, su shinshina, wani ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Ba mai buƙatar a fassara masa komai. An yi wannan a ƙauyuka fiye da 30,000, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro ya riƙa ƙera buhunan. Dubi abin da mai binciken ya yi: ya miƙa hujjarsa ga mutanen da ba su da dalilin rufa masa asiri, ya ba su wata shida, ya yarda a kunyata shi a bainar jama'a in abin bai yi ba. Farfesoshi nawa ne za su yarda da wannan sharaɗi a kan maƙalarsu?

A Nijar ma masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun yi dabara makamanciyar wannan da suka gano cewa ɗan taki kaɗan a ramin shuka yana ɗaga gero sosai. Ba su tsaya kan kilo kaza a kadada ba. Murfin kwalbar lemo suka nuna, wanda ke ɗaukar kimanin giram 6 na kamfa, suka ce cikinsa ɗaya a kowane rami.

Matsalar mai fasahar nano ta fi ta waɗannan nauyi, don hajarsa ba ta ganuwa. Ruwa ne a kwalba, ko gari a leda, wanda ba shi da bambanci a ido da na ɗan damfara. Saboda haka bashin da ke kansa ya fi yawa. In taki ne, a yi kunyoyi kashi uku a gonar manomi, ba a gonar jami'a ba: na sabon abu, na takin da aka saba, da wanda ba a zuba wa komai ba. A auna da dami da buhu da kwano, a faɗi kuɗin da naira, a maimaita damina biyu ko uku, don shekarar ruwa takan rufa wa kowane taki asiri. A kuma faɗi illa. Azurfar da ke kashe ƙwayoyin cuta a faranti ba ta san na kirki da na banza ba, alhali 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa gidan wasu ƙwayoyin halitta ne masu jawo naitirojin daga iska, kuma a kansu noman yankin nan ya dogara. Wanda zai ce a fesa azurfa a gonar wake sai ya zo da amsar wannan. Haka mai cewa ƙwayoyinsa suna tsotse gubar masana'antun fata daga ruwa. Masu noman lambu a bakin Jakara, har zuwa dam ɗin Wasai, za su so su ji inda za a zubar da ƙwayoyin bayan sun ƙoshi da gubar. Kada kuma a manta rabin masu sauraro suna cikin gida. Mata ne ke ajiyar wake da gyaɗa, su ke sarrafa su, kuma namiji baƙo ba zai shiga ya same su ba, sai an tafi da malama.

Wuraren da za a yi wannan aiki ba sai an gina su ba. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana shirya taron ƙasa da ƙasa tun 2014. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, ga malaman gona na hukumar KNARDA, ga gonar Minjibir. Me zai hana duk taron kimiyya da aka yi a Kano a ware yini guda a fita da masu maƙala zuwa ɗaya daga cikin wuraren nan, kowa ya faɗi abin da ya gano da Hausa? Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya ta ƙirƙiro wata gasa a 2008, inda ɗalibin digirin digirgir zai bayyana bincikensa duka cikin minti uku da hoto ɗaya tak, ga mutanen da ba 'yan fanninsa ba. Jami'o'i da yawa a duniya sun ɗauka. A gwada ta da Hausa a Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda tun bayan kafa ta a 1977 take yaye 'ya'yan manoma suna zama likitoci da injiniyoyi, a sa ɗalibai da iyayensu su zama alƙalai. Na tabbata wasu masu digiri za su yi gumi. A Turanci mutum yana iya ɓuya a bayan manyan kalmomi shekara da shekaru, amma ranar da aka ce ya yi wa mahaifinsa bayani, ranar zai gane ko shi kansa ya fahimci abin da yake yi.

Kai kuma mai karatu, in kana noma ko kana da mai noma a gida, takin ruwa iri-iri ya riga ya cika shagunan kayan gona, kuma masu ɗauke da sunan nano suna tafe. Wasu za su yi amfani, musamman wajen sinadaran da tsiro ke buƙata kaɗan-kaɗan irin su zink. Idan aka miƙo maka kwalba aka ce ta maye buhu, juya bayanta ka nemi yawan naitirojin da ke ciki, ka tambayi gonar da aka gwada ta a ƙasar nan da wanda ya gwada. In ka ga za ka saya duk da haka, ware mata kunya uku a gefe, kada ka rage wa sauran gonar takinta sai ka ga abin da kaka ta nuna.